Ku Nemi Wanda Zai Iya Kayar da Ku

Maganata ta yau da ku ce, ku samarin da ke buga ƙwallon raga a filayen makarantu da barikoki, har ma da waɗanda ba ruwansu da ƙwallo amma suna da karatu ko sana'ar da suke son gwanancewa a kai. Zan kai ku nesa, can arewacin Turai a bakin Tekun Baltik, inda ƙasashe uku ƙanana suke zuba ƙungiyoyinsu na maza a gasa guda. Ku ba ni aron hankalinku mu bi kakar wasansu tun daga ranar buɗewa har ranar ɗaga kofi, domin akwai abin ɗauka a ciki.

Ƙasashen su ne Estoniya da Latbiya da Lituweniya. Mutanen Estoniya ba su wuce miliyan 1.3 ba sai da kaɗan, na Latbiya ba su cika miliyan biyu ba, na Lituweniya kuwa ba su kai miliyan uku ba. Harshensu ba ɗaya ba ne. Na Estoniya ɗan'uwan na Finlan ne, ba ya kama da na sauran biyun ko kaɗan, ta yadda ɗan Tallin da ɗan Riga sai sun ari wani harshe kafin su fahimci juna. Abin da ya haɗa su shi ne maƙwabtaka da wahalar da suka sha tare a ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Ranar 23 ga Agustan 1989 mutane kusan miliyan biyu suka fito suka riƙe hannun juna, layi guda mai tsawon fiye da kilomita 600, daga Tallin ya ratsa Riga har Bilniyus, suna neman 'yancin kansu. Sun samu a 1991, kowace ta ja iyakarta ta kafa tutarta.

Da kowa ya koma gidansa, sai wata matsala ta bayyana a fagen wasa. Ƙasar da mutanenta ba su da yawa, ƙungiyoyinta masu ƙarfi ma 'yan kaɗan ne. In aka ce su yi gasa su kaɗai, fuskokin nan dai za a yi ta gani duk mako. Babbar ƙungiya ta san za ta ci tun kafin ta bar gida, ƙaramar ta san za a ci ta, 'yan kallo kuma su gaji su daina zuwa. Ɗan wasan da ba ya haɗuwa da wanda zai matsa masa, hannunsa ba ya ƙara nauyi, idonsa ba ya ƙara kaifi. Shi ya sa a 2005 hukumomin ƙwallon raga na Estoniya da Latbiya suka haɗa manyan ƙungiyoyinsu a gasa ɗaya, daga baya na Lituweniya suka shigo. An fara kiranta da sunan kamfanin jigilar kaya na Schenker da ya ɗauki nauyinta, bayan wasu shekaru ta koma amsa sunan Credit24.

Ku duba wannan shawara da kyau, yarana. Kowace ƙungiyar da ta shiga gasar ta san cewa ta ƙara wa kanta wahala ne. Wadda ta saba zama ta ɗaya a gida tana iya tsintar kanta ta biyar ko ta shida. Duk da haka suka yarda, domin sun gane cewa zama zakara a inda babu mai ja da kai bai cika zama abin alfahari ba. Wuƙa ba ta kaifi sai ta gogu da dutsen da ya fi ta tauri. Na ga samari da yawa masu baiwa da suka tsaya cak a inda suke, ba don rashin ƙarfi ba, sai don sun fi jin daɗin filin unguwarsu inda ake yi musu tafi kullum. Idan aka gayyace su wani gari sai uzuri ya yi yawa. Irin wannan yaro yana kare sunansa ne, gwanintarsa kuwa tana lalacewa bai sani ba.

Ana buɗe kakar wasan ne da kaka ta can, wajen watan Oktoba, a yi ta fafatawa cikin hunturu har zuwa ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris. Kowace ƙungiya sai ta karɓi baƙi a gidanta, ita ma ta je ta zama baƙuwa. Hunturun ƙasashen nan ba irin sanyin da kuka sani ba ne. A watan Disamba hasken rana a Tallin bai wuce na sa'o'i shida ba sai da kaɗan, ƙanƙara ta rufe hanya, a fita cikin duhu a dawo cikin duhu. Daga Tallin zuwa Riga tafiyar kilomita 300 ce da 'yan kai, zuwa Daugavpils da ke kudu maso gabashin Latbiya kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. A cikin bas ake yin wannan tafiya, zaratan samari dogaye a takure kan kujera, su sauka su miƙe ƙafa su shiga fili.

Wadda tafiya ta fi yi wa tsauri ita ce ƙungiyar Saaremaa, a shekarun da ta yi a cikin gasar. Saaremaa tsibiri ne, mafi girma a Estoniya, babban garinsa Kuressaare. Kafin 'yan wasanta su taka babban yankin ƙasar sai sun bi ta kan gadar ƙasa zuwa tsibirin Muhu, su jira jirgin ruwa a Kuivastu, ya tsallakar da su zuwa Virtsu cikin kusan rabin sa'a, sannan tafiyar ta soma. Jirgin nan da lokacinsa yake tashi, ba ya jiran kyaftin ba ya jiran koci. Wanda ya makara ya makarar da mutum goma sha wani abu, ya bar wata ƙungiya a wata ƙasa tsaye da 'yan kallonta. Saboda haka gasa irin wannan ba ta yiwuwa sai da mutanen da suka ɗauki alƙawari da nauyi. An ce ranar Asabar ƙarfe kaza, to ranar Asabar ƙarfe kazan ne. Ku riƙe wannan tun kuna da ƙuruciya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda aka san shi da saɓa lokaci, a hankali za a daina kiransa komai gwanintarsa.

To me ake samu idan an isa? Ana samun abokin karawar da bai san ka ba, ba ya jin kunyarka, kuma ba ya tsoron sunanka. A ƙwallon raga wannan babban alheri ne, saboda yadda aka gina wasan. Mutum shida ne a kowane ɓangare, a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, ragar maza kuma tsayinta mita 2.43. Ƙungiya ba ta da ikon taɓa ƙwallo fiye da sau uku kafin ta mayar, ban da taɓawar masu tarewa a bakin raga, kuma mutum ɗaya ba ya bugu biyu a jere. Na farko ya karɓa, na biyu ya ɗaga, na uku ya doka. Idan karɓar farko ta lalace, mai ɗagawa zai bi ƙwallo da gudu, mai duka kuma ya samu abin da ba ya dokuwa. Ga shi kuma duk lokacin da ƙungiya ta ƙwato sabis sai 'yan wasanta su juya, na gaba ya koma baya, na baya ya matso gaba. Babu lungun ɓuya.

Ƙungiya mai wayo tana zuwa ne ta riga ta nazarci wasanku. Ta san wane ne hannunsa ke rawa wajen karɓa, kuma a kansa za ta yi ta sauke sabis har sai kocinku ya fitar da shi ko shi ya gyara. Abokanka na gida suna iya yi maka kara su kauce wa rauninka. Baƙon da ya sha tafiyar sa'o'i biyar ba zai yi maka wannan karar ba. A daren nan za ka ji zafi, amma ka koma gida da sanin abin da za ka yi aiki a kai ranar Litinin. Ɗana, wanda ya nuna maka inda kake da rauni ya yi maka abin da masu yabonka ba su yi maka ba. Kada ka riƙe shi a zuciya. Idan an tashi, ka je bakin raga ka miƙa masa hannu da fuska a sake, kamar yadda al'adar wasan ta tanada.

Akwai wani ɗan wasa da nake so ku riƙa lura da shi, wanda ake kira libero. Tun 1998 aka shigo da matsayinsa cikin dokokin wasan. Rigarsa daban take da ta 'yan'uwansa, a baya yake tsayawa, ba ya tarewa a raga, ba ya dukan ƙwallon da ke sama da raga. Galibi shi ne mafi gajarta a fili. Aikinsa shi ne ya zube ƙasa ya tsamo ƙwallon da wani ƙato ya doko da dukkan ƙarfinsa. Sunansa ba ya fitowa cikin jerin masu yawan maki, amma ranar da aka haɗu da ƙungiya mai zafin sabis, a hannunsa wasan yake. A wasa mai sauƙi ba a sanin darajarsa. Haka abin yake a kowace tafiya ta mutane, sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma sau da yawa na ƙwarai ɗin ba shi ne mai yawan surutu ba.

Yadda ake lissafin maki a teburin gasa ma abin lura ne. Ana cin zagaye da maki 25, da sharaɗin a ba da tazarar biyu, kuma wanda ya fara cin zagaye uku shi ya ci wasa. In an yi biyu da biyu sai a buga na biyar zuwa 15. Wanda ya ci 3-0 ko 3-1 ya kwashe maki uku duka. Idan kuwa aka kai zagaye na biyar, mai nasara ya ɗauki biyu, wanda aka kayar ya tafi da ɗaya. Wato faɗuwa ma iri-iri ce. Akwai wanda aka ci shi zagaye biyu ya saki jiki ya ce yau ba ranarmu ba ce, akwai kuma wanda ya cije ya rama biyu, ko da daga ƙarshe an fi shi. Makin nan guda da ya tsira da shi a wata ƙasa cikin Nuwamba, shi ne zai iya raba shi da wanda ke binsa a teburi idan Fabrairu ta zo. Kada ku watsar da aiki don kun hango ba za ku zo na ɗaya ba. Ku kammala shi da kyau, ribarsa tana nan tana jiranku a gaba.

Yanzu bari in gaya muku yadda kofin ya yi ta yawo. A shekarun farko Selver ta Tallin ce ta riƙe wuta, ta yi shekaru a jere tana ɗauka a ƙarƙashin koci Avo Keel. Da sauran ƙungiyoyin masu saurin fushi ne da sun ce gasar ta mutum ɗaya ce sun janye. Ba su janye ba. Suka yi ta zuwa ana ba su kashi suna koyo, har Tartu, garin jami'a, ta karɓe a 2012 ta sake a 2015. Daga nan kofin ya bi ƙananan garuruwa. Parnu ta bakin teku ta ɗauka a 2016, Rakvere mai mutane kusan 15,000 ta ɗauka a 2017. A kakar 2017/2018 kuwa sai ga Saaremaa, wadda a 2017 ɗin aka kafa ta, ta zama zakara a shekararta ta farko. Masu jiran jirgin ruwan nan su suka koma tsibirinsu da kofin ƙasashe uku.

Kada wannan labari ya ruɗe ku ku ɗauka cewa ana kwana a tashi a zama zakara. Sunan ƙungiyar ne sabo, 'yan wasan da ta tara sun riga sun goge a wasu ƙungiyoyin, sun sha kaye sun sha nasara. Shekarun da aka yi ana gumurzu su suka samar da mutanen da ƙaramin gari zai iya tarawa ya ja da babban birni.

Amma waɗanda suka fi burge ni su ne 'yan Latbiya. Fiye da shekara goma a jere kofin yana komawa Estoniya. Ƙungiyoyin Jekabpils da Jelgava da Daugavpils, da ta Riga wadda jami'ar fasaha da rundunar tsaron iyaka suka haɗu suka riƙe, kowace kaka sai su shiga bas su nufi arewa, kowace kaka wani ne ke ɗaga kofi. Na Lituweniya ma, ƙasar da ƙwallon kwando ya cinye zukatan mutanenta, suna zuwa ne sun san gwagwarmayar ƙasan teburi ce ke jiransu galibi. Mutum mai girman kai ba zai jure wannan ba. Su sun jure, domin abin da suke nema ya fi kofin shekara guda.

Ku ji abin da ya biyo baya. Estoniya ta fara zuwa gasar cin kofin nahiyar Turai a 2009 da Avo Keel a matsayin koci, ta kuma ci gasar lig ta ƙasashen Turai a 2016 da 2018. Daga baya Latbiya ta ɗauki shi wannan Keel ɗin, ɗan Estoniya, ta damƙa masa ƙungiyar ƙasarta. Ba su ce ai ɗan abokan hamayya ne ba, sun ga yana da abin da suke buƙata. Ya kai su gasar nahiyar ta 2021, wadda rabonsu da ita tun 1995. Aka kuma saka su rukuni ɗaya da Estoniya, a Tallin, gaban jama'ar masu masauki. Latbiya ta ci Estoniya 3-1, ta wuce zagaye na gaba, Estoniya ta tsaya a rukuni. Gaskiya ne da yawa daga cikin 'yan wasan ƙasashen biyu sun riga sun tafi manyan ƙungiyoyi a wasu ƙasashen Turai a lokacin, amma a wannan gasa ta maƙwabta akasarinsu suka yi ƙarfin da har aka gan su aka neme su.

Darasin nan fuska biyu gare shi. Idan kai ne na baya, kada ka ji kunyar zama ɗalibin wanda ya fi ka, ko da shi ne ya kayar da kai jiya. Idan kuma kai ne na gaba, ka sani cewa wanda kake kayarwa yau yana karanta ka, kuma wata rana zai zo har gidanka ya rama. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne. Maƙwabcinka in ya yi ƙarfi, kai ma ya hana ka barci, kuma da haka ku biyun za ku ɗaga.

Idan an gama zagayen gida da waje, sai na saman teburi su shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, a tace har a samu huɗu. Waɗannan huɗun sukan taru a gari ɗaya a ƙarshen mako guda, yau wasan kusa da na ƙarshe, gobe na ƙarshe. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne wasan neman na uku. Ƙungiyoyi biyun da burinsu na wata biyar ya rushe jiya, yau za su sake ɗaura takalmi su fito. Babu lokacin zaman makoki ko neman wanda za a ɗora wa laifi. Ni a wurina a wannan wasa ake gane tarbiyyar ƙungiya. Bayan nan kowa ya koma ƙasarsa a buga wasannin fitar da zakaran gida. Haɗuwa da maƙwabta ba ta shafe gasar gida ba, ƙara mata armashi ta yi, domin kowa ya dawo da abin da ya koyo.

Wani abu kuma, da yawa daga cikin samarin nan ba da ƙwallo kaɗai suka dogara ba. Wasu ƙungiyoyin na jami'o'i ne, 'yan wasansu na shiga aji da safe su yi atisaye da yamma, wasu kuma suna da aikin yi. Gwiwa da kafaɗa ba sa daɗewa a wannan wasa. Ku buga da zuciya ɗaya, amma kada ku saki littafi ko sana'a.

Ku da kuke nan, abin ya fi muku sauƙi ta wata fuskar. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai sulusin tsakanin Tallin da Riga ba, kuma in kun isa ba ku buƙatar tafinta. Ba na ce lallai sai kun tsallaka iyaka gobe ba, wannan sai da shiri da izinin hukuma da sanin iyaye. Ku fara da abin da ke hannunku. Ku tambaya wace ƙungiya ce ta fi ƙarfi a garin da ke kusa da ku, ku aika musu da gayyata cikin ladabi, ku tsayar da rana ku cika. In sun zo ku tarbe su da ruwa da abinci, ku samo alƙalin da ba zai yi muku son kai ba, domin nasarar da alƙali ya ba ku ba za ta koya muku komai ba. In lokacin ramuwar ziyara ya yi ku je, ko da kun san za a ci ku, zumunci a ƙafa yake. Mai karatu ya kai haddarsa gaban wanda zai tsayar da shi a kan kowane kuskure. Tela ya kai ɗinkinsa wurin wanda ya fi shi hannu ya ce a duba masa.

Allah Ya ba ku abokan karawa na gari, Ya ba ku zuciyar karɓar kaye ba tare da ƙiyayya ba, da ta karɓar nasara ba tare da girman kai ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.